Naushi Da Takobi: Wa Ya Fi Wani A Kan Takarda?

A hutun da ya wuce na tarar da rigima a zauren gidanmu da ke Hotoro. Ɗan yayana ne da abokansa uku, biyu daga Tarauni, ɗaya daga Gyaɗi-Gyaɗi, sun baje takardu da ɗan ludo a kan tabarma suna wani wasa da suka ƙirƙiro. Kowa yana da jarumin da ya zana, ɗaya kuma yana ba da labari yana yanke hukunci. Ba kuɗi aka sa ba, kada wani ya ce caca na zo koya muku. To, a cikin labarin sai takobin wani ya faɗa rijiya, ya ce shi da hannu zai ci gaba da faɗa. Mai labari ya ce naushi maki 1 kawai yake ci. Yaron ya ce an cuce shi, ya tattara takardarsa zai tafi gida.

Abin da ba su sani ba, manya ma sun daɗe suna wannan gardama. Irin wannan wasa ya shahara ne daga Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A dokokinsa na 2014, naushin mutum maki 1 ne a haɗa da ƙarin ƙarfinsa, doguwar takobi kuwa ana jefa mata ɗan ludo mai fuska 8 sannan a haɗa da ƙarin. Idan ƙarin 3 ne, naushi 4 ke nan kullum, takobi kuma matsakaicinta 7.5. Har musu aka yi ta yi a kan ko hannu makami ne, domin wani bugu na musamman na jarumin da suke kira paladin ya dogara da wannan kalma ɗaya. Hukuncin kamfanin ya ce hannu ba makami ba ne. Da aka sabunta dokokin a 2024, sai aka yarda a yi bugun da hannu.

Ni a ganina duk mai neman naushi ya yi ɓarna daidai da takobi ya ɓata hanya. In da haka ne, me zai sa maƙeri ya wahala? Amsar tana nan kusa da mu, a gidan dambe na dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari. Ku lura da yadda ake cin wasa a can. Ɗan dambe yana ɗaure hannu ɗaya da zare, ɗayan kuma ya miƙa shi gaba yana kāre kansa. Ana yin turmi uku. Ba a ƙirga yawan jinin da ya zuba ko kumburin fuska. Wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa shi ya yi kisa, in kuwa ba wanda ya faɗi, sai a ce turmi uku babu kisa, a raba su. Wato amfanin hannu shi ne ya kayar da mutum. Dokokin 2024 ɗin nan ma sun ba mai hannu zaɓi uku: ya yi bugu, ya riƙe, ko ya ture.

Ga abin da na ba yaran shawara, da ɗan ludo na gida mai fuska 6. Mai takobi ya ci lambar da ta fito masa. Mai naushi ya ci maki 2 ko me ya fito, amma idan 5 ko 6 ce, abokin faɗansa ya faɗi, ya rasa jifa ɗaya kafin ya tashi.

Yanzu ku ɗauko biro, nan ne daɗin yake. Ku haɗa 1 zuwa 6, za ku sami 21, ku raba da 6, ya ba ku 3.5. Wannan shi ne matsakaicin takobi. Amma lambobi 2 cikin 6 suna kayar da mai ita, wato yana rasa jifa 1 cikin kowane 3. Kashi biyu cikin uku na 3.5 ya kama kusan 2.3. Takobi 2.3, naushi 2. Takobi tana gaba, kamar yadda hankali ya yarda, amma mai hannu ba ya zaman jiran mutuwa.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗin, da ya ga ƙofa ta buɗe, sai ya ce a ƙara masa da 4. Na ce ya lissafa da kansa. Lambobi 3 cikin 6 rabi ke nan, rabin 3.5 kuwa 1.75, ƙasa da 2. Da an yarda masa, kowa sai ya jefa takobinsa a rijiya da gangan. Ya yi dariya ya janye.

Saura matsala ɗaya da ban warware musu ba: idan mutum biyu suka taru a kan mai naushi, ya kayar da ɗaya, ɗayan yana tsaye da takobinsa. Ku gwada da abokanku sau 30, ku rubuta wanda ya ci kowane zagaye, ku aiko mana da sakamakon tare da sunan makarantarku da ajinku.