RA'AYINMU: Maganaɗisu A Hannunmu, Takarda A Hannun Wasu

Muna so yau mu jawo hankalin 'yan'uwanmu mazauna Kudu, musamman mutanen Itas da Gadau da Azare da sauran ƙasar Katagum waɗanda neman halali ya kai su Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal, a kan wata dukiya da take ratsa hannunsu safe da yamma. Sanin kowa ne cewa a waɗannan birane jama'armu suna da yawa a sana'ar gwangwan. Su ne ke fasa matacciyar fanka da janareta da lasifika, su zare wayar jan ƙarfe, su ɓamɓare maganaɗisu, a ɗora a sikeli a biya su gwargwadon nauyi. Wannan sana'a ce ta halal wadda take ciyar da gidaje masu yawa a Arewa. Sai dai kowane ɗan ƙarfe da suke aunawa, wani mutum ne ya zauna ya ƙago shi, ya yi masa rajista da sunansa, ya ci moriyarsa shekaru, kafin ragowarsa ta iso bola. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Asalin aikin ba sihiri ba ne. Tun a 1831 wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, ya nuna cewa idan aka motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki zai gudana a cikinta. A kan wannan ka'ida janareta yake aiki, haka kuma taransifoma, inda yawan naɗin waya a gefe ɗaya da na ɗaya gefen shi ne yake ƙara ƙarfin wuta ko ya rage shi. Duk mai gyaran kwayil a Azare ya san wannan da hannunsa, ko bai taɓa jin sunan Faraday ba.

Abin da ya bambanta mu da wasu shi ne takarda. Ga misalai uku. Baƙin sandan nan da yake cikin rediyo mai kama tasha, wanda irinsa ne kuma a cikin cajar wayar hannu, wasu malaman jami'a biyu ne a Tokyo, Yogoro Kato da Takeshi Takei, suka ƙago sinadarinsa a 1930. Suka yi masa rajista, kuma a 1935 aka kafa kamfanin TDK musamman domin sarrafa shi, kamfanin da dattawanmu suka sani ta kasakasan rediyo. Na biyu, An Wang, ɗan ƙasar Sin wanda ya je Amurka a 1945 yana baƙo kamar yadda kuke baƙi a Kudu, ya gano hanyar amfani da ƙananan zobba na maganaɗisu wajen ajiye bayanai a kwamfuta. Ya shigar da takardarsa a 1949, aka ba shi a 1955, daga baya kamfanin IBM ya saye ta a kan dala 500,000. Na uku, maganaɗisun nan mai tsananin ƙarfi da ake samu a cikin tsohuwar kwamfuta da injin motar lantarki, a farkon shekarun 1980 ne Masato Sagawa a Japan da John Croat a Amurka suka fito da shi, kowa a ɓangarensa, kamfanoninsu kuma suka daɗe suna karɓar kuɗi daga masu son ƙera shi.

Kada wani ya ɗauka cewa wannan dama ta Turawa ce kawai. Nijeriya tana da dokar rajistar ƙirƙira tun 1970, ofishin rajistar kuwa yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya a Abuja. Dokar ta shimfiɗa sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo, ya kasance an yi amfani da basira wajen fito da shi, kuma ana iya sarrafa shi a masana'anta. Ba a tambayi digiri ba, ba a tambayi garin mutum ba. Har ila yau ba lalle sai mutum ya ƙago sabon inji ɗungurungum ba, domin dokar ta yarda a yi rajistar ingantawar da aka yi wa wata ƙirƙira mai rajista, muddin ingantawar ta cika waɗannan sharuɗɗa. Wanda aka ba takarda yana da ikon hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ko shigo da shi ƙasar nan ba da izninsa ba har shekara 20 daga ranar da ya shigar, in dai yana biyan kuɗin shekara-shekara.

Akwai darasi biyu a nan, kuma na farko ya fi kusa da aljihun talaka. Ladan da mai ƙirƙira yake biya kafin a kāre shi shi ne ya bayyana sirrinsa dalla-dalla, da zane da bayani, yadda mai sana'a zai iya bi ya ƙera. Da zarar shekara 20 ta cika, ilimin ya zama na kowa. Bugu da ƙari, takardar da aka yi a wata ƙasa ba ta da hurumi a nan sai an yi mata rajista a nan. Ke nan miliyoyin zane-zane na taransifoma da injin ban-ruwa da na'urar daidaita wuta suna nan zube kyauta a intanet, a rumbun Google Patents da na Hukumar Kare Haƙƙin Fasaha ta Duniya da ke Janeba. Yaron da ya gama sakandare a Itas, mai ɗan Turanci da wayar hannu, zai iya karanta wa maigidansa mai gyaran inji abin da a da sai a ɗakin binciken manyan kamfanoni ake ganinsa.

Kuma bukatar tana gida. Manoman rani a fadamun Kogin Jama'are sun dogara da injin ban-ruwa, tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuwa, masu hali suna komawa ga mai aiki da hasken rana, wanda a cikin ire-irensa da yawa maganaɗisu ne zuciyarsa. Zafinmu da ƙurarmu da wutarmu mai hawa da sauka suna ƙona kayan da aka ƙera domin wasu ƙasashe. Wanda yake gyara su kullum shi ya san inda suke ciwo, kuma daga irin wannan sani ne ingantawa take fitowa.

Darasi na biyu gargaɗi ne. A dokarmu, wanda ya riga shigar da takarda shi ne mai haƙƙi. Idan wani ya ɗauke maka dabara ba da yardarka ba, doka ta ba ka damar ƙwato ta, amma wannan shari'a ce mai cin kuɗi da lokaci. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ɗokin nuni. Sau da yawa mukan ga matashi ya harhaɗa wata na'ura, kafin gari ya waye ya baje ta a Facebook, ya buɗe cikinta kowa ya gani, ana ta yi masa sambarka. Alhali kuwa abin da aka riga aka bayyana wa jama'a ya daina zama sabo a idon doka, ko da mai shi ne ya bayyana. A shigar da takarda tukuna, sannan a kira makaɗa.

Ba mu ce takarda ita ce tuwo ba. Ofishin rajista na ƙasar nan yana duba cikar takardu ne kurum, ba ya bincika ko abin sabo ne da gaske, saboda haka ana iya soke ta a kotu. Kuma ƙirƙirar da ba a ƙera ta aka kai kasuwa ba, adon bango ce. Amma mai takarda yana da abin da zai ɗora a tebur idan ya zauna da mai jari, wanda ba shi da ita kuwa sai godiya da Allah-amfana.

Saboda haka muna kira ga ɓangare uku. Na farko, Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau, wadda aka kafa a 2011 a matsayin Jami'ar Jihar Bauchi. Bincike ba baƙo ba ne a Gadau, domin a shekarun 1930 a can tashar binciken ƙudan tsando take. Ya kamata jami'ar ta ware ƙofa guda wadda mai gyaran rediyo zai shiga da na'urarsa ba tare da fargaba ba, a gwada ta, a bincika masa ko an riga shi, a rubuta masa bayani, tare da alkawarin riƙe sirri a rubuce. Abin da ya shafi aikin injiniya mai zurfi a haɗa shi da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi.

Na biyu, hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, kuma tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shirya takardu da shigar da su. Muna roƙonta ta fassara bayananta da Hausa, a karanta a gidajen rediyo, domin taimakon da ba a ji labarinsa ba bai kai ga mabukaci ba.

Na uku, ku kanku. Kuna da ƙungiyoyin gari, kuna da sarakunan Hausawa a Agege da Sabon Badun da sauran zangonni, kuna haɗa kuɗi idan an yi rasuwa ko biki ko gobara. A ware wani abu daga ciki a ɗauki nauyin yara biyu ko uku kowace shekara, su koyi aikin lantarki a kasuwar Alaba ko ta Ikeja ko a kwalejin fasaha, bisa sharaɗin su koma gida su koyar da wasu. Idan aka sami mai sabuwar dabara, ƙungiya ta biya masa kuɗin rajista da na mota zuwa Abuja. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kakanninmu maƙera da majema da marina sun riƙe sirrin sana'a a cikin gida, uba ya ba ɗa, aka san su da shi har ƙetaren Sahara. A wannan zamani rajista ce take tsare wa mai basira gumin goshinsa. Wajibi ne mu koya wa 'ya'yanmu wannan hanya tun yanzu, domin wata rana a buɗe littafin rajista a Abuja a ga sunan ɗan Itas a ciki. Allah Ya yi mana jagora, amin.