Mai Taɓin Hankali Ma Yana Da Zuciya Da Ƙoda

'Yan uwa mazauna Ogba, Agege da kewaye.

Akwai maganar da muka daɗe muna kauce mata. Idan ɗan uwanmu mai lalurar taɓin hankali ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko muka ga yana yawan ƙishirwa da fitsari, me muke cewa? "Ciwonsa ne ya motsa." Wasu su ce mutanen ɓoye ne, a kira mai ruƙiyya, shi ke nan an rufe magana. Da mai cikakken hankali ne ya yi wannan ƙorafi, da tuni an tari keke zuwa asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu tsananin wannan lalura kan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, kuma galibi ba ciwon ƙwaƙwalwar ke kashe su ba. Ciwon zuciya ne, da hawan jini, da suga, da tarin fuka, cututtukan da ake iya ganowa da wuri. Shi ya sa a 2018 ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan duba lafiyar jikinsu.

Ga inda abin ya fi ɗaure kai. Wasu magungunan da ke kwantar da ciwon, irin su olanzapine, suna buɗe ciki, su sa ƙiba, su ɗaga suga da kitsen jini. Mu kuwa da mun ga mutum ya yi kumatu sai mu ce Alhamdulillahi, ya murmure. Alhali wannan ƙibar ce ya kamata ta tayar mana da hankali. Kada wani ya je ya ce ƙungiya ta ce a daina shan magani. Ba mu faɗa ba, kuma yanke shi ba da izinin likita ba haɗari ne babba. Cewa muka yi magani da awo tare suke tafiya.

To yaya za a yi awon, tunda da yawanmu ko maras lafiyan ba ma kaiwa? Saboda tsoron cunkoson hanyar asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, sai a ba yaro tsohuwar takarda ya je kemis. Shekara biyu, uku, ba likitan da ya sa shi a ido. Haka idan aka kawo gwajin kyauta harabar masallaci, kowa ya fito layi, shi yana kulle a ɗakin baya don kada a gan shi.

Masu cewa ba kuɗi, mun ji, rayuwar Legas ba sauƙi. Amma awon hawan jini minti nawa ne? Nawa muke zubawa a anko? Masu cewa kwana ne ya ƙare, ai ba ma faɗin haka mu zauna idan ɗanmu ya yi zazzaɓi.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar musu da haƙƙin kulawa kamar kowa. Sai dai doka ba za ta shiga gidajenmu ta fito da su ba.

Duk mai irin wannan maras lafiya ya kai shi a auna nauyinsa, da jininsa, da suga, aƙalla sau ɗaya a shekara. Babban Asibitin Orile-Agege da na Ifako-Ijaiye duk suna kusa da mu. A tafi da kwalin maganinsa a nuna wa likita, a kuma nemi a rubuta sakamakon a kati. Wanda ke buƙatar rakiya ko tafinta ya sanar da shugabannin ƙungiya, za a rufa asiri.

Sakatare