Ƙarfen da Ke Ƙasan Farfela

Wanda ya zagaya mashigar jiragen ruwa a Yauri ranar kasuwa ba zai rasa ganin injin da ɗan ƙarfensa na ƙasan farfela, mai kama da wutsiyar kifi, ya gutsure ko ya lanƙwashe ba. Masu jirgi ba su cika damuwa ba, tunda da an ja igiya inji na tashi.

Wannan sakaci ne. Ƙarfen shi ke fara cin karo da dutse ko kututture kafin farfela, kuma shi ke taimaka wa jirgi ya miƙe. Idan ya karye, jirgi kan riƙa ja gefe guda, direba na kokawa da hannun inji, bugu na gaba kuma farfela ce za ta sha shi. Tafkin Kainji, inda jiragen Yauri ke bi, ba wurin ganganci ba ne: da aka kammala madatsar a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da dazuzzuka, kututturansu na nan a ƙasa, musamman idan ruwa ya ja baya.

Gyaran bai fi ƙarfin talaka ba, hannu yake so. Alminiyam ne aka zuba, don haka ba aikin mai waldar ƙofa da taga ba ne. Sai an tsiyaye man giya, a kankare fenti, a yanko sabon yanki daidai da asali, a yi walda da iskar argon kaɗan-kaɗan ana bari yana hucewa. Mai gaggawa kan ƙona robobin da ke hana ruwa shiga giya. Bayan kwanaki man giyar ya koma fari kamar madara, ƙaramin gyara ya zama sayen ƙasan inji sukutum. Idan lanƙwasa ce kawai, guduma da ƙarfi karya shi take yi.

Tun bayan hatsarin jirgin ruwa na Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski a Mayun 2021, inda mutane da dama suka rasu, magana ta fi karkata ga lodi fiye da kima da rigar ruwa, kuma daidai ne. Amma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da ƙungiyoyin masu jirgi ya kamata su sa duban inji cikin sharuɗɗan ɗaukar fasinja, gwamnatin Kebbi kuma ta horar da matasan Yauri waldar alminiyam, don kada mai jirgi ya ga kai inji gyara nesa ya fi masa wahala a kan fita da shi a karye.