Kafin ka yanki inshora, tambayi iyakar abin da za a biya ka

Tun daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025, da 'yan sandan Najeriya suka tsananta binciken takardar inshorar ababen hawa a kan tituna, masu motoci da yawa sun je sun yanki takardar. Yawancinsu sun biya naira 15,000 ne don gudun tsaiko a shingen bincike, suka ninke ta suka jefa a aljihun mota tare da lasisi. Da wuya ka ga wanda ya warware ta ya duba abin da ya saya. A ganina kuwa, babu abin da ya kai muhimmancin adadin nan da kamfani ya rubuta cewa ba zai biya sama da shi ba idan tsautsayi ya auku. Duk wanda bai san wannan adadi ba, bai san cinikin da ya ƙulla ba.

Mu fara da inshorar dole, wadda doka ta wajabta wa duk mai abin hawa. Hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙara kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida daga ranar 1 ga Janairu, 2023. A lokaci guda ta ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata wa wani daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Mai Keke Napep yana biyan 5,000, iyakarsa miliyan 2. Mai babur yana biyan 3,000, iyakarsa miliyan 1. Babbar motar dakon kaya tana biyan 100,000, iyakarta miliyan 5. Waɗannan alƙaluma na ɓarnar dukiya ne. Diyyar rai da ta rauni suna da nasu hukuncin daban.

A ɗauka malamin makaranta ne a cikin tsohuwar Golf ɗinsa, birki ya ƙwace masa a shataletale, ya daki bayan sabuwar jif. Fitilun baya sun tarwatse, ƙofar but ta lotsa, mutane sun taru. Ya zaro takardarsa yana cewa, "Ranka ya daɗe, kada ka damu, ina da inshora." Aka kai jif gareji, lissafin gyara ya kama naira miliyan 7. Kamfani zai biya miliyan 3 ya tsaya, domin nan alƙawarinsa ya ƙare. Ragowar miliyan 4 tana wuyan malam. Tasa motar da gabanta ya ragargaje kuwa, ko sisi ba za a ba shi a kanta ba, saboda wannan inshora ta wanda aka yi wa ɓarna ce, ba ta mai motar ba. Idan kuma ya kasance yana ɗaukar fasinja da ita bayan an tashi daga makaranta, alhali a matsayin motar gida aka yi mata rajistar inshora, kamfani na iya ƙin biyan komai, kuma takardar da ya sa wa hannu tana bayan kamfanin.

Sai batun darajar kuɗi. Lokacin da aka tsayar da miliyan 3 ɗin nan, dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati. A tsakiyar 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, a 2024 dala ta haura naira 1,500. Kayan gyaran mota kusan duk daga waje ake shigo da su. Adadin yana nan yadda yake a takarda, amma abin da zai iya saye ya ragu ƙwarai.

'Yan kasuwa su ne suka fi ba ni tausayi a wannan magana. Wanda ya ga yadda wuta ta cinye rumfuna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san dalilin da ya sa wasu suka fara neman inshorar gobara. To amma a cikin irin wannan yarjejeniya akwai wani sharaɗi da ba kowane wakilin kamfani ke faɗa ba. Idan kayan shagonka na naira miliyan 20 ne, ka rubuta miliyan 10 don kuɗin shekara ya yi maka sauƙi, kamfani zai ɗauka ka ɗora masa rabin haɗarin ne, ka riƙe rabi. Ranar da wuta ta ci kayan miliyan 8, za ka zaci duka za a biya ka tunda ba su kai miliyan 10 ba. Miliyan 4 za a ba ka. Daga ciki ma sai a cire wani kaso da aka rubuta cewa kai za ka fara ɗauka a kowace asara. Mai gaskiya ma yana faɗa wa wannan rami: ya rubuta ainihin darajar atamfofinsa shekara uku da suka wuce, farashi ya ninka, yana ta sabunta takarda a kan tsohon adadi.

Bayan yawan kuɗi, akwai iyakar nau'in masifar da aka lamunce. Takardar gobara zalla ba ta biyan ɓarnar ambaliya ko ta tarzoma, sai an ƙara su an kuma biya kuɗinsu. Ruwan da ya ɓalle daga madatsar Alau ya mamaye Maiduguri a Satumbar 2024 ya isa ya tuna wa duk mai shago cewa ba wuta kaɗai ke raba mutum da jarinsa ba.

Kuɗin ajiya a banki ma haka suke. A 2024 hukumar NDIC mai lamunce ajiyar banki ta ɗaga iyakar lamuninta daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, da miliyan 2 a ƙananan bankuna. Da Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin Heritage Bank a watan Yuni na shekarar, masu miliyan 5 zuwa ƙasa su aka fara biya gaba ɗaya. Masu sama da haka miliyan 5 aka ba su, ragowar kuma sai da suka jira a sayar da kadarorin bankin a karɓo basussukansa.

Ba ina cewa sanya iyaka zalunci ba ne. Babu kamfanin da zai karɓi 15,000 ya ɗauki nauyin da ba shi da ƙarshe. Asusun kowa ne ake tarawa a biya 'yan kaɗan da abin ya faɗa wa. Tsarin inshorar Musulunci na Takaful da mutanenmu da dama suka fi natsuwa da shi saboda dacewarsa da shari'a, shi ma yana da adadi da sharuɗɗa. Hausawa sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kukana shi ne ana sayar wa mutane rariyar ba tare da an nuna musu inda take yoyo ba. Sharuɗɗan suna cikin ƙananan haruffa, da Turancin lauyoyi, wakili kuma kamashonsa yake hange. Shi ya sa idan aka biya mutum ƙasa da zatonsa, sai ya fita yana cewa inshora damfara ce, mutum goma su ji su fasa.

Tunda Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora a 2025, NAICOM ta samu damar gyara wannan. Ya kamata ta wajabta wa kamfanoni su riƙa haɗa kowace takarda da shafi ɗaya cikin Hausa da sauran manyan harsunanmu, mai bayyana abin da aka lamunce, iyakar kuɗin, abin da aka cire, da kason da mai takarda zai ɗauka. Ta kuma riƙa duba iyakokin diyya lokaci-lokaci daidai da tsadar kaya. Ƙungiyoyin direbobi da shugabannin kasuwanni su ma su gayyaci masana su yi wa mambobinsu bayani.

Kai kuma mai karatu, ka ɗauko takardarka yau ka nemo adadin. Ka tabbatar lambar motarka tana cikin rumbun bayanan inshora na NIID, domin takardar bogi ba ta biyan ko kwabo. Idan miliyan 3 ta yi maka kaɗan, ka tambayi kamfaninka nawa za ka ƙara a ɗaga ta. Idan mai shago ne kai, ka ƙidaya kayanka a farashin yau kafin ka sabunta. Ƙaddara ta Allah ce, amma sanin abin da ka sa wa hannu haƙƙi ne da ke kanka, kuma na iyalinka ne da za su ɗauki nauyin abin da kamfani bai biya ba.