Shin Mai Furta Mummunar Magana Ɗan Ta'adda Ne?

  

Ga tambayar da za mu duba a wannan fitowa. Idan mutum ya tashi a bainar jama'a, ko a gidan rediyo, ko a waya, ya zagi wata ƙabila, ya ce a kore su, ko ma ya ce a kashe su, amma shi da hannunsa bai ɗauki ko sanda ba, shin ɗan ta'adda ne? Kada ka yi gaggawar amsawa, ya kai mai karatu, domin mudun da ka auna wa ɗan wani gari da shi za a auna wa ɗan garinku.

Bari mu fara da namu na gida. Ranar 6 ga Yuni 2017 wasu shugabannin matasa, da sunan Gamayyar Ƙungiyoyin Arewa, suka taru a Arewa House da ke Kaduna, suka bai wa 'yan ƙabilar Ibo wa'adin su bar Arewa kafin 1 ga Oktoba. Hujjarsu ita ce irin zagin da 'yan ƙungiyar IPOB masu neman kafa Biyafara suke yi wa Arewa. Gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya ba da umarnin a kama su. A watan Agusta na wannan shekara Farfesa Yemi Osinbajo, yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa, ya ce gwamnati za ta ɗauki kalaman ƙiyayya a matsayin wani nau'i na ta'addanci. Ranar 24 ga Agusta matasan suka janye wa'adin a Abuja, bayan gwamnonin Arewa da sarakuna sun sa baki.

To, Osinbajo ya yi gaskiya? Ra'ayina shi ne ya faɗi rabin gaskiya. Duk maganar ƙiyayya mummuna ce, da yawanta kuma laifi ne a gaban doka, amma sunan ta'addanci yana da sharuɗɗa, sai sun cika a liƙa shi.

Dokar hana ta'addanci da Nijeriya ta yi a 2011, aka gyara ta a 2013, aka sake sabuwa a 2022, tana magana ne a kan aikin da aka yi da gangan don a firgita al'umma ko a tilasta wa gwamnati, ta hanyar kisa, ko satar mutane, ko ɓarna mai girma. Ta kuma haɗa da wanda ya zuga a yi aikin. Ka ga ke nan baki yana iya shiga ciki, amma sai in shi ne ya tura hannu. Sauran zage-zage da tada husuma kuwa, ai dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa tun 1960 ta riga ta tanadar musu hukuncinsu.

Yaya za ka gane maganar da ta tsallake iyaka? Ka yi mata tambaya huɗu. Wa ya faɗe ta, mai mabiya ne da ake jin maganarsa ko mai surutun teburin mai shayi? Me ya nema, fushinsa kawai ya huce ko umarni ya bayar? Ya ambaci mutane da wuri da rana? Sannan me ya biyo bayan maganar?

Ɗauki misalin ƙasar Ruwanda a 1994. Gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, yana karanta sunayen mutane da inda suka ɓuya. Cikin kwana 100 aka kashe kimanin mutum 800,000. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ƙasar Tanzaniya ta samu Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan rediyon, da laifin kisan ƙare dangi, alhali makaminsa magana ce. Nan tambayoyin huɗu duk sun amsa kansu.

A ƙasarmu ma haka. Ranar 20 ga Nuwamba 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke wa Nnamdi Kanu, shugaban IPOB, ɗaurin rai da rai kan laifin ta'addanci, kuma mafi yawan hujjojin daga abin da ya riƙa faɗa a Rediyo Biyafara suka fito, wato umarnin kai wa jami'an tsaro hari da tilasta wa mutane zaman gida. A watan Janairu 2021 kuma Sunday Igboho ya bai wa Fulanin Igangan da ke Jihar Oyo kwana 7 su tashi. Da wa'adin ya cika aka ƙone gidan Sarkin Fulanin garin.

Da yawanmu mun ji zafin abin da Igboho ya yi, muka ce ai wannan ta'addanci ne tsagwaronsa. To, mu koma Kaduna da wannan mudun. Masu magana suna da mabiya, sun ambaci ƙabila, sun sa rana. Ɗan kasuwar Ibo da ya haifi 'ya'yansa a Kano ko a nan Kazaure ya kwana wata biyu da rabi da fargaba a ransa. Abin da ya raba su da sauran shi ne ba su ce a kashe ba, sun janye tun ranar ba ta zo ba, Allah kuma Ya sa jini bai zuba ba. Saboda haka ban kira su 'yan ta'adda ba, amma sun tsaya a bakin ramin, kuma kamata ya yi alƙali ya saurari maganarsu a kan laifin tunzura jama'a. Wanda ya tafa wa wa'adin Kaduna sannan ya yi kuka da wa'adin Igangan, shi ne aka ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Wataƙila wani uba zai ce, Malam, mene ne na wannan rarrabewa? A kira su duka 'yan ta'adda mana, kowa ya kama bakinsa. Baba, haɗarin shi ne wuƙar da ka wasa ba ka san wuyan da za ta hau ba. A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na Jihar Neja ya kawo ƙudurin doka mai hukuncin rataya ga wanda kalamansa na ƙiyayya suka jawo mutuwa, jama'a suka yi ca, ƙudurin bai zama doka ba. A wannan shekarar dai aka tuhumi ɗan jarida Agba Jalingo na Jihar Kuros Riba da ta'addanci bayan ya yi rubutu a kan kuɗin gwamnatin jihar, sai a 2022 kotu ta sallame shi. In sunan ta'addanci ya yi arha, gobe mai wa'azi ko manomin da ya koka da zalunci shi za a liƙa wa.

Amurka ma ta sha wannan muhawara. A 1969 wani matashi ɗan asalin Meziko a Jihar Texas, José Ángel Gutiérrez, mai fafutukar 'yancin mutanensa da ake kira Chicano, ya yi maganar kashe farar fata in tura ta kai bango. Aka yi ta Allah wadai da shi. Daga baya ya ce tsarin danniya yake nufi, a 1970 kuma ya kafa jam'iyya ya shiga zaɓe. A cikin 1969 ɗin ne Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Brandenburg, ta ce ba a hukunta mai magana sai in ya nufi a aikata ɓarna nan take, kuma akwai alamar za a aikata. Mu da muka san abin da ya faru a ƙasar nan a 1966 ba za mu iya sakin linzami har haka ba, amma darasin rarrabe furuci da umarni abin ɗauka ne.

Ɗalibai, kun karanta a darasin Sira abin da ya faru a dawowa daga yaƙin Banul Musɗaliƙ. Wani Muhajiri da wani Ba'ansare suka yi faɗa, kowa ya kira danginsa, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya nuna wannan kira na jahiliyya ne. Abdullahi bin Ubayyu ya yi barazanar in an koma Madina za a fitar da baƙin. Sayyidina Umar ya nemi izinin kashe shi, Annabi bai yarda ba. Sai ya sa aka tashi tafiya a lokacin da ba a saba ba, har gajiya ta shagaltar da mutane daga zancen. An tona asirin maganar, an kashe wutar, ba a zubar da jinin mai ita ba.

Saura naka, ya kai ɗalibi. Yau wayar da ke aljihun yayanka ƙaramin gidan rediyo ce. In saƙo ya zo ta WhatsApp yana cewa ƙabila kaza duk macuta ne, ko Fulani kaza, ko Haɓe kaza, a yi musu kaza, kada ka tura wa kowa, ka nuna wa malaminka ko mahaifinka. Ka tuna 'yan'uwanmu daga Babura da Roni da Gwiwa da suke ci-rani a Legas da Ibadan da Fatakwal, su ma baƙi ne a can, kamar yadda ɗaliban Kudu da ke karatu a Kwalejin Hussaini Adamu suke baƙi a wurinmu. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, kuma wanda zai biya kuɗinta sau da yawa bai ma ji ta ba.

Allah Ya tsare mana harsunanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.