Wasiƙa a Buɗe ga Masu Inganta Irin Gyaɗa a Dutse da Kewaye

Tsutsar saiwa, wadda masana ke kira nematod, ido ba ya ganinta. Ɓarnarta ake gani: gyaɗa ta tsumbure fegi-fegi a gona, ganye ya yi ɗorawa, ko da an zuba taki. Ta fi samun sakewa a ƙasa mai yashi, irin jigayin Kiyawa da Jahun, musamman inda ake maimaita gyaɗa shekara da shekaru.

Matakin farko shi ne a tuge tushe a duba. Ƙulullukan amfani, masu tara wa shuka abinci daga iska, a gefen saiwa suke maƙale; ɗan yatsa na ɓamɓare su, cikinsu kuma jaja-jaja ne. Kumburin tsutsa kuwa jikin saiwar ne ya kumbura, ba ya ɓamɓaruwa. Sai dai wasu tsutsotsin ba sa kawo kumburi sam, don haka dole a kai ƙasa da saiwa ɗakin bincike a tantance jinsinsu.

Nan ne gizo ke saƙar. A Amurka, Jami'ar Texas A&M ta fitar da irin COAN a 1999 da NemaTAM a 2002, bayan an jawo juriya daga wata gyaɗar daji ta Kudancin Amurka mai suna Arachis cardenasii. Juriyar ta tsutsa mai kumbura saiwa ce. Wadda aka fi kuka da ita a gonakin gyaɗa na Senegal da Nijar kuwa 'yar gidan Scutellonema ce, mai ƙafewa cikin ƙasa duk rani, ta farfaɗo da ruwan farko. Kuskure ne a ɗauka maganin waccan zai ci wannan ba tare da gwaji ba.

Kada kuma neman juriya ya sa a zubar da abin da ke hannu. Tun annobar kuturtar gyaɗa ta 1975, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta sha wahala kafin a samu irinsu Samnut 24 na 2011, mai nuna cikin kusan kwana 90. Damina a Jigawa gajeriya ce. Irin da zai yi jinkiri, ko ya rage harawa, ko mata masu ƙuli-ƙuli su ce ba shi da mai, ba zai yi kasuwa a Shuwarin ba. Shi kansa COAN, a gonar da ba tsutsa, ya gaza sauran iri wajen yabanya.

Gwajin sabon iri a yi shi a gonar da tsutsa ta riga ta kama, kusa da irin da manomi ya saba da shi, damina fiye da ɗaya.