Cinikin Tsohuwar Bindiga da Abin da Mai Saye Ba Ya Aunawa

Tun daga watan Janairu na shekarar 2025, lokacin da sojojin gwamnati suka sake shiga Wad Madani bayan garin ya shekara da 'yan makonni a hannun dakarun da jama'a ke ce wa Da'ama, mutane suka fara komowa gidajensu, wani ya tarar da ƙofarsa a ɓalle, wani ya tarar ko ƙofar ma an tafi da ita, sai wani ciniki ya samu kasuwa a ƙauyukan Jazira har zuwa Sinnar da Damazin, ciniki wanda ba a shela dominsa, ba a kuwa kiran shaidu a kansa, watau cinikin tsofaffin bindigogi, musamman irin waɗannan na kartush da ake harbin zabin daji da agwagin ruwa da su. Mai sayarwa yakan zo da ita a nannaɗe cikin buhu, ya kwance ta a bayan ɗaki, ya shafa ƙotarta yana cewa ta Ingila ce, tun zamanin Turawa take, ƙarfenta ba irin na yanzu ba ne. Mai saye kuwa, wanda tsoro ya riga ya yi masa rabin cinikin, ba abin da yake tambaya sai farashi.

Ba daidai ba ne a yi wa wannan tsoro izgili. Wanda ya ga abin da ya auku a jihar Nilul Azraƙ cikin watan Yuli na shekarar 2022, sa'ad da rikici ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a Rusairis da kewayenta, aka yi asarar rayuka fiye da ɗari, sannan wutar ta sake ruruwa a Wad al-Mahi cikin Oktoba, wanda kuma ya ga yadda aka wawashe ƙauyukan Jazira tun daga Disamba na 2023, ba za a zarge shi ba idan ya kwanta yana tunanin abin da zai tare ƙofarsa da shi. Shari'a kuwa ta halatta wa mutum ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa daga mai ta'adi, babu saɓani a kan wannan. Amma halaccin manufa ba ya tsarkake kowace hanya, kuma mai hankali, kafin ya miƙa kuɗin dawarsa ko na akuyar matarsa, wajibi ne ya ɗora abu uku a kan mizani: ƙarfen bindigar, da asalinta, da gidan da za ta kwana a ciki.

Game da ƙarfen, ya kamata a sani cewa tsufa ba shaidar nagarta ba ne. A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burusal, suka taƙaita shigar da bindigogin zamani cikin mafi yawan ƙasashen Afirka, suka bar ƙofa a buɗe ga na ƙanƙara da albarushin fatauci, saboda haka maƙeran Birmingham da na Liyej ta ƙasar Beljiyam suka daɗe suna ƙera wa kasuwarmu kaya masu araha waɗanda ba su ne suke sayar wa manyan ƙasarsu ba. Su kansu mutanen Ingila ba su amince da rantsuwar maƙeri ba: tun 1813 suka kafa gidan gwaji a Birmingham, inda ake ɗura wa kowace bindiga abin da ya zarce ƙima, a harba ta a cikin ɗaki mai kauri, in ta jure a buga mata hatimi, kuma har yau laifi ne a can mutum ya sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimi, ko wadda ta ci ta lalace har hatimin ya daina yi mata shaida. To, idan waɗanda suka ƙera ta ba su yarda a yi cinikinta da fatar baki ba, ina dalilin da mu za mu yarda, bayan ta yi shekara saba'in ko ɗari tana yawo daga hannu zuwa hannu?

Akwai daga cikin tsofaffin nan waɗanda aka yi bututunsu da siraran ƙarafa da aka murɗa, aka naɗe su a jikin sanda, aka haɗe su da wuta da guduma, shi ne ake ganin zane kamar igiyar ruwa a jikinsu, mai sayarwa kuwa yakan nuna zanen nan a matsayin ado. An yi su ne domin baƙin albarushi na dā, alhali tun da aka ƙago albarushi marar hayaƙi a Faransa cikin 1884 harsashi ya sauya hali, bugunsa ya fi na dā tsanani, tsatsa kuma tana bin layin haɗin nan ta ci shi daga ciki inda ido ba ya kaiwa. Haka nan yawancin tsofaffin bindigogin Ingila an yanka mazaunin harsashinsu a kan milimita 65, kartush ɗin da ke yawo a yau kuwa galibinsa na milimita 70 ne. Abin da ke yaudarar mutane shi ne yakan shige daidai, bindiga ta rufe lafiya, domin ba a auna tsawonsa sai bayan bakinsa ya buɗe, sa'ad da ya buɗe kuwa sai ya tarar da wurin ya ƙuntata, ƙarfin ya koma kan ƙarfen da ya riga ya gaji, daidai inda hannun hagun mai harbi yake riƙe, tazarar taƙi ɗaya daga idonsa.

Wanda ya taɓa ɗaga irin wannan bindiga ya leƙa cikinta ta fuskar rana zai ga abin da ake nufi: maimakon santsi sai ƙananan ramuka baƙaƙe kamar zanzana, in ya girgiza ta sai ya ji gaɓarta tana ƙwas-ƙwas, ƙotar ta tsage an ɗaure ta da wayar lantarki, an cike wani gurbi da dalma an shafe da baƙin mai. Da yawa daga cikinsu a ƙasa suka yi zaman mamaya, an naɗe su da leda an binne a gefen hawasha, watau gona, cikin baƙar laka ta Jazira wadda ke riƙe ruwa wata da watanni, kuma guntun laka da ya bushe a bakin bututu ya isa ya tsaga shi a harbi ɗaya. Kunamar da ta cinye kuwa ba ta jiran yatsa. Bindiga ta zame daga jikin bango ta faɗi, sai ta tashi da kanta.

Malamanmu na fiƙihu, tun daga Risala har zuwa Muhtasar, sun yi dogon bayani a kan garari da ɓoye aibi, suka tabbatar wa mai saye haƙƙin mayar da haja idan aibinta ya bayyana, suka kuma wajabta wa mai sayarwa ya faɗi abin da ya sani na illarta ko da ba a tambaye shi ba. Sai dai wannan haja ta sha bamban da sauran, domin aibin jaki yakan bayyana a kan hanya, a komo da shi a karɓi kuɗi, aibin bindiga kuwa ba ya bayyana sai a ranar da ya tafi da yatsu ko ido, ranar da babu sauran abin da za a mayar, mai sayarwa ma ya yi nisa.

Na biyu shi ne asalinta, wanda ya fi na farko nauyi wajen Allah. A ƙasar da aka fasa gidaje da ofisoshin 'yan sanda, aka buɗe kasuwanni musamman domin kayan wawaso, bindigar da ba ta da takarda, mai ita kuma ba ya son a tambaye shi inda ya samo ta, mafi rinjayen zato shi ne ta wani ce da aka ƙwace, wataƙila ma da jininsa a kanta. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa wanda ya sayi abin ƙwace yana sane, lamuninsa lamunin maƙwacin ne. Malamai sun kuma hana sayar da makami a lokacin fitina ga wanda ake tsoron zai yi ɓarna da shi, domin toshe kafar sharri, kuma duk wanda ya sa kuɗinsa cikin wannan ciniki ya ƙara wa kasuwar rai, ya kwaɗaitar da wani ya je ya sato wata. Ta fuskar hukuma, dokar makamai da harsasai ta 1986 ba ta yarda kowa ya riƙe bindiga ba sai da lasisi, mai saɓawa kuwa hukuncinsa ɗauri da ƙwace makamin.

A nan akwai maganar da ta shafe mu Hausawan Sudan fiye da kowa, ko da yake ba ta da daɗin faɗi. Al'ummar da har yau, bayan shekara fiye da ɗari a bakin kogin Nilu, ake samun mai tambayarta takardar zama ɗan ƙasa da wata irin murya, ba ta da halin ta ajiye a ɗakinta abin da zai zama hujja a hannun mai neman hujja. Kowa ya ji abin da ya sami mazauna kanabi, watau sansanonin 'yan ƙwadagon gona, a farkon 2025, yadda zargin haɗa baki kaɗai ya isa a afka wa mutane. Tsohuwar bindiga guda da aka zaro daga ƙarƙashin gadon wani saurayi tana iya zama sanadin da za a ce da unguwa ɗungum maɓoyar makamai ce, a kama wanda ya sani da wanda bai sani ba.

Na uku shi ne gidan da za ta kwana. Ɓarawon da aka saye ta dominsa mai yiwuwa ne ya zo sau ɗaya, mai yiwuwa ne kuma kada ya zo har abada, amma yaran gida kullum suna nan, haka fushi, haka gardamar ruwa a bakin magudanar abu ishirin ranar da wani ya toshe wa wani, haka shanun makiyayi da suka faɗa cikin auduga, haka samarin da ba su iya ganin ango ba tare da sun yi harbi sama ba. Rigimar da a dā takan ƙare da zagi da sanda, dattawa su sasanta kafin magariba, idan da bindiga a kusa sai ta ƙare a maƙabarta. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, saboda bai san sa'ad da Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba, ya kuma umurci mai wucewa da kibau cikin kasuwa ko masallaci ya kama tsininsu. Idan an yi wannan tsanantawa a kan kibiya, wadda ba ta tashi sai an ja baka, yaya ke nan ƙarfen da ke tashi don ya faɗi? Kisan kuskure kuwa, ko da babu ƙisasi a cikinsa, akwai diyya a wuyan dangi, da kaffarar azumin wata biyu a jere, da nadamar da ba ta da ranar ƙarewa.

Sa'an nan a tambaya, kariyar da aka sayi dukkan wannan hatsari dominta, nawa take? Bindigar kartush harbi ɗaya ko biyu take yi a sake ɗura ta, ba ta kuwa da wani tasiri bayan taku arba'in ko hamsin, waɗanda suka addabi ƙauyuka kuwa da Kalashnikov mai harsashi talatin suke zuwa, bisa babura da motoci; ƙararta ba ta korarsu, sai dai ta ba su dalilin buɗe wuta a kan gidan da mata da yara. Tarihinmu ma ya isa wa'azi. A Karari cikin 1898 Ansar, mabiya Mahdi, sun fito da jaruntakar da abokan gabansu suka yi mata shaida, da masu da tsofaffin bindigogi, aka kashe kimanin dubu goma daga cikinsu kafin azahar. A Burmi cikin Yuli na 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a gaban wutar bindigogin Turawa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, da ya iso gaɓar Nilu da sauran muhajirai, da fartanya da allo ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar, kuma da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, gumin iyayenmu a cikin auduga, da makarantunsu, da amanarsu a kasuwa, su ne suka sama mana gindin zama.

Ban ce babu mai buƙata ta gaskiya ba. Akwai maharbin da sana'arsa ke nan tun kakanni, akwai mai gona a bakin daji wanda gadu ke yi wa ɓarna. Irin wannan ya bi ta ƙofa: ya nemi lasisi, ya san mai sayarwa da wanda ya sayar masa, ya sa shaidu, ya kai ta ga wanda ya san aikin makamai ya auna ta, in an ce ta mutu ya haƙura da ita ko da ta gado ce, ya kuma kulle ta a wuri ɗaya, harsashi a wani wurin, mabuɗi a aljihunsa. Wanda ba zai iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, to, kawar da ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani.

Sauran nauyin yana kan sarakunan Hausawa da limamai da shaihunan unguwanni, daga Madani zuwa Hasahisa da Manaƙil da Mai Wurno. Su ne za su iya faɗin wannan a huɗuba da majalisa ba a zarge su da tsoro ba, su ne kuma za su iya zama da hukuma da shugabannin maƙwabta a tsara gadin dare na haɗin gwiwa wanda kowa ya san da shi, a kuma samar da hanyar da mai bindigar da ba ta da takarda zai miƙa ta ta hannun shugabansa ba tare da an mayar da shi mai laifi ba. Kuɗin da za a kai wa mai buhu, in an haɗa na gida goma, ya isa a gyara ƙofofi, a sayi fitilu masu aiki da hasken rana, a biya mai gadi sananne. Allah Ya ba shugabanninmu ikon tsayawa a kan wannan, Ya kuma kashe wutar fitina a ƙasar Sudan baki ɗaya.